Hakim Idris da Mujallar da Ta Makara

Ranar Talata ce da hantsi. Ina tsaye a bakin tukunyar dafa kayan aiki ina jiran ruwa ya tafasa, sai ga Safiya, babbar 'yar Dakta Idris Haruna, ta shigo har ɗakin tiyata da takalmanta, abin da mahaifinta ba ya yarda da shi ko daga babban mutum. Da na ga takalman nan na san abin da ya kawo ta. Ta ce, "Inna Zainabu, Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, sannan na juya na kashe wutar tukunyar, domin fiye da shekara ashirin ya yi yana koya mini cewa ba a barin wuta a ɗakin nan komai girman labari. Bayan na kashe ne na nemi wuri na zauna.

Ni ce Sista Zainabu, wadda ke miƙa masa kayan aiki a ɗakin tiyata na asibitinmu a nan Gadarif tun ina budurwa har na yi jikoki. Mutanen kirki sun ba ni shawara in yi wa mamaci addu'a in kame bakina. Addu'ar zan yi ta, kuma ina yi kullum. Bakin kuwa sai na gama faɗin abin da na gani, domin raina a ɓace yake, kuma ban iya ɓoye ɓacin rai ba ko a gabansa.

Dakta Idris ɗanmu ne. Kakanninsa sun taso daga yamma da niyyar aikin hajji, tafiya ta yi tsawo, suka zauna a bakin kogin Rahad kusa da Hawata. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana yankan dawa a manyan gonakin inji, waɗanda muke kira mashru'u. Da ɗan ya gama karatun likita a Hartum an yi masa tayin zama can, an kuma yi masa tayin ƙetare, ya tattara littattafansa ya dawo cikin baƙar lakar da ya fito. A ofis yana Larabci, a takarda yana Turanci, amma da zarar ya sunkuya a kan gadon ɗan kambo, wato leburan da ke kwana a bukkokin gona, sai ka ji Hausa ta fito irin ta gidan ubansa. Su kuwa ba su san wani Dakta ba, Hakim Idris suke ce masa, yadda ake kiran likita da Larabcin nan.

Ba waliyyi ba ne, kuma ba zai gode mini ba in na mai da shi haka. Yana da saurin fushi. Ya taɓa jefa almakashi ƙasa don na miƙa masa wanda bai nema ba, na ɗauka na ajiye a gefe, na ƙi yi masa magana kwana biyu, har sai da ya aiko Safiya da ƙullin gahawa a madadin ban haƙuri. Amma akwai abin da ban taɓa ganin ya yi sakaci da shi ba. Idan wakilin mai gona ya kawo lebura da rauni, wakilin ne ke son yin bayani, har sunan ma shi ke faɗa, kuma duk sunan da ya zo bakinsa shi ke nan. Dakta sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ya wakil, ciwon a jikinka yake ko a jikinsa?" Daga nan ya durƙusa ya tambayi mutumin sunansa da na ubansa da kambon da yake kwana, ya rubuta da kansa a wani littafi mai baƙin bango. Littattafan nan sun cika akwati guda.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba bai san abin da kaka ke nufi a asibitinmu ba. Idan an yanke dawa an tara ta tsibi-tsibi, sai a jawo injin sussuka, maza su yi ta cusa masa kawunan dawa da hannu tun safe har rana ta faɗi. Mutum ya gaji, ƙura ta cika masa ido, injin ya kama hannun riga, ya ja hannun ciki. Kafin a sami lori daga Doka ko Simsim an yi kwana ɗaya ko biyu. Hannun yakan iso a naɗe cikin buhu, an zuba masa garin gahawa ko baƙin man inji don jini ya tsaya. Abin da littafin makaranta ya ce game da irin wannan rauni gajere ne, a yanke kafin ya ruɓe ya kashe mai shi.

Dakta bai yarda ba. Yakan ce, "Yankewa ba ta da wuya, Sista, mahauci ma ya iya." Abin da yake yi shi ne wanki da jira. Mu dafa ruwa da gishiri a manyan tukwane, mu wanke raunin har ƙwayar dawa ta ƙarshe ta fita, ya cire naman da ya tabbata ya mutu kaɗai, ya bar saura a buɗe. Bayan kwana biyu mu sake buɗewa mu sake wanki. Idan nama ya yi ja ya nuna yana da rai, sai ya buɗe fatar cikin mutumin kamar aljihu ya cusa hannun a ciki ya ɗinke, mutum ya yi mako uku yana yawo da hannu a manne da ciki, abokansa suna yi masa tsiya wai ya ɓoye abinci. Ranar da za a raba, hannun ya fito da sabuwar fata. Ba kyakkyawa ba ne, wani ya rasa yatsa biyu, wani uku, amma hannu ne. Ba kullum muke yin nasara ba, kuma duk wanda muka rasa yana cikin littafin nan shi ma, bai ɓoye ko ɗaya ba.

Dole in bayyana abin da hannun dama yake nufi ga ɗan kambo, don waɗanda zan yi wa faɗa nan gaba ba su taɓa fahimta ba. Leburori a kwano ɗaya suke cin tuwo. Wanda ba shi da dama ba mai korarsa, amma shi da kansa zai ja gefe da ɗan ƙoƙonsa. Alwala sai an zuba masa. Wakili kuwa idan ya zo kasuwa ɗibar ma'aikata, hannuwa yake dubawa kafin fuska. Mutumin da aka yanke wa dama ya fita daga aiki, ya fita daga kwano, 'ya'yansa kuma su fita daga makaranta su shiga gona.

Shi ya sa Dakta bai ɗauki sallamar mara lafiya a matsayin ƙarshen aiki ba. Leburan kaka ba ya dawowa asibiti, domin da ya warke ya bi lori zuwa inda ake girbin riɗi. To tunda ba za su zo ba, shi yakan je. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya hau gaban lori da littafinsa zuwa kasuwar Doka ko wani kambo, ya yi ta cigiyar mutanensa da suna. In ya sami mutum ba ya tambayarsa ya jiki. Ya sha gaya mini, "Kada ki tambayi mutumin nan ko ya ji sauƙi, zai ce alhamdulillahi ko da ransa na fita. Ba shi abu ya riƙe." Sai ya miƙa masa hannu su gaisa ya ce ya matse da iyakar ƙarfinsa. Bayan nan ya sa a kawo lauje ya ga ko zai iya yankan ciyawa, ya tambayi abokan zamansa, ba shi ba, ko yana ci tare da su, ya kuma tsaya ya ga alwalarsa. Lauje, kwano da buta, su ne ma'auninsa. Ya yi haka shekaru masu yawa, Hajiya Amna matarsa ta gaji da mita ta daina.

Da littattafan suka yi yawa sai ya ce zai rubuta wa duniya. Muka zauna da rana bayan an tashi aiki, ni ina karanto sunaye da abin da ya faru da kowane hannu, shi yana buga keken rubutun ofis da yatsa biyu. Ya aika wa wata babbar mujallar likitocin fiɗa a ƙasar waje. Damina ta zo ta wuce kafin amsa ta iso. Ya karanta mini ita a tsaye, yana fassarawa. Sun gode ƙwarai. Amma musafaha ba ma'auni ba ce, sai an gwada ƙarfin hannu da wata na'ura. Kuma marasa lafiyar ba a duba su a asibiti a ranakun da aka ƙayyade ba, saboda haka ba za a dogara da sakamakon ba. Daga ƙarshe suka ba da shawara a nemi wanda Turanci ne harshensa ya gyara rubutun.

Ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ce, "Dakta, su zo da kansu su ce wa ɗan kambo ya bar girbin riɗi ya hau lori kwana guda don a matsa masa na'ura." Ya ce, "Ba su san kambo ba, Sista, ba mugunta ba ce." Ya gyara ya aika wa wata mujallar. Wannan ta dawo da takardun da allurar da na maƙale su da ita tana nan inda na sa ta, ko shafi na biyu ba a ɗaga ba.

Sai wani abokinsa ya ce masa hanya mafi sauƙi ita ce ya shiga ƙungiyar likitocin fiɗa ta ƙasa da ƙasa, ya je taronsu ya yi bayani da bakinsa. Ya rubuta musu. Suka ce sai mambobi biyu sun sa hannu cewa sun san aikinsa. A Gadarif ina za a samo su? Mutanen da suka san aikinsa suna bayan injin sussuka. Duk da haka ya sa aka riƙa aiko masa da takardar labaransu, tana isowa bayan watanni. Mukan buɗe mu ga hotunan manya sanye da sarƙoƙi a wuya, an zaɓi wane shugaba, an ba wane lambar yabo, an yi liyafa a wani birni mai sanyi. Sau ɗaya suka gayyace shi taro a matsayin baƙo mai sauraro, wasiƙar ta maƙale a hanya saboda laka, ta iso makonni bayan an watse. Takardun labaran suna da kauri da santsi, na riƙa shimfiɗa su a kan kantar da muke jera kwalabe, kuma iyakar amfanin da asibitinmu ya samu daga ƙungiyar ke nan.

Wata rana na gaji na ce masa, "Dakta, don Allah me kake nema a wurin mutanen nan? Suna? Sunanka ya kai har iyakar Habasha." Ya ajiye kofin shayi ya dube ni. Ya ce, "Sista, yaran da ke fitowa daga makaranta ba za su yarda da ni ba, da takarda za su yarda. Ranar da ba na nan, littafi ne zai riƙe wuƙa. In abin nan bai shiga mujalla ba, da ni za a binne shi, a koma yankan hannuwa." Daga ranar ban sake yi masa gori ba.

Bayan wasu shekaru sai ga baƙi uku daga ƙungiyar, wai suna zagayen asibitocin karkara. Babbansu wani dogon farfesa ne mai fara'a da ladabi. Dakta ya yanka musu rago, Hajiya Amna ta yini a bakin murhu. Da aka shiga da su ɗakin maza, farfesan ya ga mutum huɗu a jere da hannuwa a ɗinke a ciki, ya tsaya kamar an dasa shi. Ya yi tambayoyi har muryar Dakta ta dushe. Ya ɗauki hotuna, ya bi mu ɗakin tiyata ya ga wanki, ya nemi a ara masa littattafan nan masu baƙin bango kwana biyu ya kwafa. Na ja Dakta gefe na ce, "Kada ka ba shi. In zai kwafa ya kwafa a gabanka, ku yi magana kan sunan wa zai hau." Ya ce, "Sista, kin cika zargi. Ya ce tare za mu rubuta. In ma ya kai labarin inda ni ban kai ba, ai buƙata ta biya." Suka tafi. Wasiƙa ɗaya ta zo suna godiya da rago. Daga nan shiru, kaka biyu.

A farkon kakar bana ciwon zuciya ya kwantar da Dakta. Aka turo mana wani matashi daga Hartum, Dakta Tarik. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaro ne mai ƙwazo, ba ya makara, ba ya wulaƙanta talaka, kuma ya haddace littafinsa tsaf. A mako na biyu da zuwansa lori ya kawo wani mutum daga kambon da ke bayan Doka, sunansa Adamu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Injin ya ci yatsu biyu na dama ya saɓule fatar tafin, kuma an kwana biyu a hanya. Na kwance buhun, na taɓa babban yatsa na ji ɗumi. Na danna farce, ya yi fari, jini ya dawo nan take. Irin wannan hannun na ga Dakta Idris ya ceto shi sau ba adadi.

Da Larabci muke magana da Tarik. Na ce, "Ya Dakta, wannan na wanki ne da jira, bari in ɗora tukunya." Ya ce rauni mai datti, kwana biyu, littafi ya ce a yanke. Na gaya masa yadda muke yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sista, nuna mini inda aka buga wannan." Na ruga na kinkimo akwatin littattafan na zube a gabansa. Ya buɗe ɗaya ya duba, ya rufe a hankali. Ya ce, "Wannan rubutun hannun mutum ɗaya ne. In na bi shi mutumin nan ya mutu, me zan faɗa?" Na aika gidan Dakta Idris ko zai iya cewa uffan, ɗan aiken ya dawo ya ce Hajiya ta ce yau ko ita bai gane ba. Na yi roƙo, na yi faɗa, har na ce ya ba ni kwana biyu kawai in hannun ya canza launi ya yanke. Ya ce ba zai yi caca da ran mutum ba.

Aka yanke daga wuyan hannu. Ni na miƙa zarton. Na faɗi haka a fili don kada wani ya zaci na tsame kaina, da na fita daga ɗakin ba wanda zai riƙe masa jijiya, kuma na zauna. Tun da na fara aikin nan ban taɓa wanke kaya ina kuka ba sai ranar.

Bayan kwana uku Dakta ya farfaɗo, na je gaishe shi. Ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce, "An fara kawo su?" Na so in yi masa ƙarya, amma mutumin da ya koya mini kada in yarda da alhamdulillahin mara lafiya ba zai yarda da tawa ba. Na gaya masa komai. Ya ce, "Babban yatsa da ɗumi?" Na ce da ɗumi. Ya juya fuskarsa bango. Da ya juyo sai ya ce, "Kada ki tsani yaron, abin da aka koya masa ya yi. Ni ne ban iya irin Turancin da suke so ba." A duk maganganun da na ji daga bakinsa, wannan ce ta fi ƙona mini rai. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana bin kambo-kambo a gaban lori ya kwanta mutuwa yana ɗora wa kansa laifi. Kwana tara bayan nan Safiya ta shigo mini da labari.

A zaman makoki, daga ɗakin mata ina hango mazan da ke shigowa. Wasu sun bar sussuka a tsakiyar kaka sun hau lori, abin da lebura ba ya yi ko don ciwon kansa. Suna ɗaga hannuwa a yi fatiha, hannuwa masu tabo da gajerun yatsu da fatar ciki a tafi. Daga ƙungiyar ba wanda ya aiko da ta'aziyya, kuma ban sa rai ba, tunda shi ba mamba ba ne.

Bayan sadakar bakwai jakar gidan waya ta iso. A ciki akwai mujallar da Dakta yake karɓa, kuma tunda Tarik ne a ofis yanzu, shi ya buɗe. Ina jera kaya sai ga shi da sauri, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Sista, zo ki gani! Sabuwar hanya daga waje, ba sai an yanke ba. Wanki ne da jira, sannan a ɗinke a ciki. Dole mu koya." Ya shimfiɗa mini shafin. Na ga bangon ɗakin mazanmu da tsagar da ke kusa da taga. Na ga gadon ƙarfen da ƙafarsa ɗaya take kan bulo. A hoto na uku akwai hannun mace riƙe da tasa, da tabon ƙuna a wuyan hannun. Na naɗe hannun rigata na ajiye nawa kusa da hoton.

Sunaye biyar ne a saman shafin. Na farko na farfesan ne, biyu na abokan tafiyarsa, sauran biyun ba su taɓa taka Gadarif ba. Na ce Tarik ya karanta mini har ƙarshe kada ya tsallake komai. Lauje da kwano da buta suna ciki, an ba su wani dogon suna, an yaba musu cewa ma'auni ne da ya dace da rayuwar marasa lafiya. Musafahar da ba ma'auni ba ce a hannun Idris Haruna ta zama hikima a hannun farfesa. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sun gode wa ma'aikatan wani asibitin karkara saboda karɓar baƙi. Na juya bangon na duba watan da aka buga ta. Tun kafin damina ta ɗauke ne. Ranar da nake roƙon Tarik ya ba ni kwana biyu, takardar da yake nema tana kwance a cikin wata jaka a hanya, kuma a cikin mutum biyar ɗin nan ba wanda ya ga ya dace ya rubuto wa mai aikin layi ɗaya ya sanar da shi.

Ga shugabannin ƙungiyar da masu tace mujallar, in har wannan rubutu ya taɓa isa gare ku, ba lambar yabo nake roƙa masa ba, ya wuce inda take da amfani. Tambaya ce da ni. Abin nan da kuka buga, da me ya bambanta da wanda kuka mayar mana da allurarsa a jiki? Hannuwan su ne, littattafan su ne, tasar ma ita ce. Kun ƙi shi don daga Gadarif ya taso, kun karɓe shi da ya biyo ta birninku. Kuna taruwa kowace shekara kuna cewa kun damu da talakan duniya, amma da talakan ya aiko muku da iliminsa sai kuka ce ya je ya gyara Turanci. Shekarun da kuka ɓata ba a takarda suka tsaya ba, a jikin mutane suka sauka.

Tarik ya daɗe yana kallon hannuna da hoton. Murnar ta gushe, ya nemi kujera ya zauna. Ya ce, "Sista, akwatin nan..." Na ce, "Akwatin yana nan, kuma zan koya maka komai, tukwane nawa, gishiri nawa, duk abin da su ba su rubuta ba don ba su sani ba. Amma tashi tukuna, akwai wanda ya fi ni haƙƙin jin wannan labari."

Adamu yana ɗakin maza har lokacin, dungun bai gama warkewa ba. Mun same shi lokacin abincin rana. Sauran marasa lafiya sun kewaye kwano ɗaya a tabarma, shi yana can ƙarshen gado da ƙoƙonsa a cinya, yana fama da hagu, miya na zuba a rigarsa. Tarik ba ya jin Hausa, ni na fassara. Tsakani da Allah Tarik ya faɗi gaskiya bai rage ba. Ya ce takarda ta zo, ta nuna cewa hanyar Hakim Idris daidai ce, kuma da ya bi ta watakila da hannun yana nan.

Adamu ya ajiye ƙoƙon. Ya ce, "Yaya Sista, tambaye shi, yaushe waragar ta zo?" Takardar yake nufi. Na ce yau da safe. Ya dubi dungun, ya dubi mujallar da ke hannun Tarik. Ya ce, "To yanzu in an kawo wani, ba za a yanke ba?" Na ce in Allah ya so ba za a yanke ba. Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi Tarik ya ce, "Kalas, shi ke nan. Ma'alesh, ba komai, ya Hakim. Ashe ni ne na yi gaggawar sa hannu a injin."

Ban fassara wa Tarik ba sai da ya nace. Da na fassara ya fita waje, na ji shi yana kuka a bayan taga.

Ya Allah, bawanka Idris ɗan Haruna ya zo gare ka, kai ne ka san abin da ya aikata, ba ka buƙatar wani ya sa masa hannu. Ka gafarta masa kurakuransa da saurin fushinsa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa kowace loma da aka ci da kowace alwala da aka yi da hannun da ya ɗinka ta zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba Hajiya Amna haƙuri, ita da ta ba mu aron mijinta kowace Juma'a. Ka raya Safiya da ƙannenta a kan tafarkinsa, ka zama gatansu. Ka buɗa wa Adamu hanyar ciyar da 'ya'yansa, ka shiryar da hannun Tarik, ni kuma ka yafe mini zarton da na miƙa. Allah ya jiƙan Hakim Idris, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Amin.